Kayan Maƙulashen Kare na Gida: Me Za a Haɗa, Me Za a Bari, Nawa Za a Ba Shi?

Tambayar da aka kawo mini ita ce: "Ina da kare namiji ɗan shekara huɗu, an yi masa fiɗiya, nauyinsa kilo 10. Na saba saya masa biskit ɗin karnuka, amma hankalina ya daina kwanciya da abin da ake zubawa a ciki, ga shi kuma ya fara ƙiba. Ina so in riƙa yi masa da hannuna. Me zan haɗa, me zan guje wa, kuma nawa zan ba shi a rana?"

'Yar'uwa, na ji daɗin wannan tambaya, musamman ƙarshenta. Yawancin masu zuwa wurina da irin wannan magana suna tsayawa ne a kan "me zan haɗa", alhali a aikin likitan dabbobi abin da ya fi kawo mana karnuka shi ne "nawa". Don haka daga nan zan faro, kafin mu shiga kicin.

Amma bari in fara tabbatar miki cewa rashin kwanciyar hankalinki yana da tushe. Tun shekarar 2007 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fara karɓar ƙorafi a kan busasshen naman kaza da na agwagwa da busasshen dankali mai zaƙi da ake sayarwa a matsayin kayan maƙulashen karnuka, akasarinsu an shigo da su ne daga Sin. Zuwa ƙarshen 2015 ƙorafin ya kai kusan 5,200, ya shafi karnuka sama da 6,200, fiye da 1,140 daga cikinsu sun mutu. Da yawa ciwon ƙoda ne ya kama su. Wanda ya san wannan labari ba za a ga laifinsa ba idan ya ce shi dai ya ga abin da ke shiga bakin karensa da idonsa. Sai dai yin abu a gida kawai ba ya mayar da shi mai lafiya. Na ga karnukan da biskit ɗin kanti bai taɓa yi musu komai ba, girkin masu son su ne ya kwantar da su.

Ƙa'idar da likitocin dabbobi suka yi ittifaƙi a kanta ita ce, duk abin da kare zai ci bayan ainihin abincinsa kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin da yake bukata a yini, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Dalili biyu ne. Na farko ƙiba. Na biyu kuwa, cikakken abincin kare an auna masa sinadarai daidai, musamman kalsiyam da fosfaras, to in kayan maƙulashe suka cinye wuri mai yawa a cikinsa, wannan awo ya karkace. Kare babba da aka yi wa fiɗiya mai kilo 10 yana bukatar kalori wajen 630 a rana, ke nan rabonsa na maƙulashe bai wuce 60 da 'yan kai ba. Mai kilo 5 rabonsa bai kai 40 ba, mai kilo 20 wajen 100, mai kilo 30 wajen 140. Naki da ya fara ƙiba, ki tsayar da shi a kan 40 zuwa 50, kuma ki rage daidai wannan daga abincinsa na kwano.

Ki duba yadda wannan lissafi yake a zahiri. Babban cokali ɗaya na markaɗaɗɗiyar gyaɗa yana ɗauke da kalori wajen 95. Ƙwai ɗaya wajen 70. Wato cokali ɗayan nan da ake lakata wa kare yana lasa, ana ganin ba a ba shi komai ba, ya ninka rabon karenki na yini guda. Akwai wata baiwar Allah da ta kawo mini ƙaramar karya wadda ta cika ta batse, har tana nishi in ta hau matakala uku. Ta rantse mini abincin kwano ɗan kaɗan take zuba mata, kuma gaskiya ta faɗa. Na ce ta je ta samu kwalba, duk wanda zai miƙa wa karyar wani abu a gidan ya jefa kwatankwacinsa a ciki, daga safe zuwa dare. Washegari ta dawo da kwalbar ta ajiye a kan teburina, ta yi shiru tana kallonta: gutsuren burodi, fatar kaza, biskit huɗu na haɗin gida, yankan cuku biyu. Mutum biyar ne a gidan, kowa yana ganin shi kaɗai ke ba ta ɗan abu.

Ina matsa wa mutane a kan ƙiba ne saboda tana cin shekarun kare. A 2002 an wallafa sakamakon wani bincike da aka yi a Amurka a kan karnuka 48 jinsin Labrador, aka bi su tun suna 'yan kwikwiyo har ƙarshen rayuwarsu. An raba su biyu-biyu 'yan ciki ɗaya, ɗaya yana cin kashi 25 cikin 100 ƙasa da ɗan'uwansa. Waɗanda aka rage wa abinci sun fi 'yan'uwansu daɗewa da kusan shekara biyu, kuma ciwon gaɓoɓi ya yi jinkirin kama su. Shekara biyu a rayuwar kare ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu abin da ba za ki bari ya kusanci kwanon kwaɓinki ba. Na sa zailitol a gaba, domin shi ne wanda mai kyakkyawar niyya ya fi faɗawa cikinsa. Sinadarin zaƙi ne da ake sawa a madadin sukari, a cingam, a man goge baki, a wasu kayan da ake gasawa, har da wasu nau'o'in markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta kwalba, waɗanda ake tallata su da cewa ba su da sukari. A jikin mutum ba ya yin ɓarna. A jikin kare kuwa yana sa a kwararo insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, da yawa lokaci guda, sukarin jini ya faɗi warwas, wani lokaci cikin rabin awa: amai, tangaɗi, farfaɗiya. Giram ɗaya tak ya isa ya jefa kare mai kilo 10 cikin wannan hali, in ya kai giram 5 hanta ce ke shiga haɗari. Ki karanta jikin kwalba kafin ki saya, za ki ga an rubuta xylitol ko lambar E967. Gyaɗar da ta dace ita ce wadda jerin kayan haɗinta gyaɗa ce kawai, ba gishiri ba zaƙi.

Sai albasa da tafarnuwa da danginsu. Waɗannan suna da wasu sinadarai masu lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, su farfashe. Dahuwa ba ta kashe dafin, soyawa ma haka, garinsu kuwa ya fi ɗanyen ƙarfi tunda an tsotse ruwan. Giram 15 zuwa 30 na albasa a kowane kilo na nauyin kare ya isa ya taɓa jini, ke nan ga naki albasa ɗaya matsakaiciya. Abin da ke ruɗar mutane shi ne alamar ba ta fitowa a ranar. Na tuna wani kare da aka kawo mini yana layi, ba ya iya tsayawa sosai. Na ɗaga leɓensa, dasashin ya yi fari fat kamar takarda, fitsarinsa kuma ya koma kalar baƙin shayi. Maigidansa ya ce bai ci wani baƙon abu ba. Sai da muka yi ta komawa baya kwana-kwana, muka gano cewa kwana huɗu da suka wuce an kwaɓa masa biskit da romon naman da aka dafa da albasa da dunƙulen ɗanɗano, kuma tun ranar ake ba shi safe da yamma don ya nuna yana so. Ya rayu, amma sai da aka ƙara masa jini. Tun daga nan duk wanda ya ce mini zai sa romo a kwaɓi, sai na tambaye shi da me aka dafa romon. Nama da ruwa zalla, shi ke nan.

Inibi, ɗanye da busasshe, yana iya tsayar da ƙodar kare, kuma babu wani adadi da za a ce miki wannan ba komai. Wani kare zai ci da yawa ya tashi lafiya, wani 'yan ƙwayoyi su kai shi asibiti. A 2021 likitocin cibiyar kula da gubar dabbobi ta ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta ASPCA a Amurka suka nuna cewa asid ɗin tatarik da ke cikin inibi shi ne ake zargi, kuma yawansa yana bambanta daga wannan inibi zuwa wancan. Tsamiya ma tana da shi sosai, don haka ita ma a bar ta.

Cakulan kusan kowa ya sani. Sinadarin tiyobromin da ke cikinsa jikin kare ba ya saurin fitar da shi, yana taɓa zuciya da jijiyoyi, kuma gwargwadon duhun cakulan gwargwadon haɗarinsa. Garin koko ya fi duka. Kofi da shayi da barasa, gyaɗar makadamiya, da ɗanyen kwaɓin da aka sa wa yis, wanda ke ci gaba da kumbura a cikin tumbi yana fitar da barasa, duk suna layi ɗaya. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana tsagewa ya soki hanji. In har kare ya ci ɗaya daga cikin waɗannan, kada ki jira alama, kada kuma ki ɗura masa ruwan gishiri don ya yi amai, gishirin kansa guba ne. Ki kira likita nan take, ki tafi da ledar ko kwalbar abin da ya ci.

Akwai kuma wanda ba a lissafa shi cikin guba amma yana kwantar da karnuka da yawa: maiƙo. Kitse, fatar kaza, man shanu, cuku mai yawa. Cin maiƙo mai yawa lokaci guda yana iya kumbura fankiriyas, gaɓar nan da ke fitar da ruwan narkar da abinci da insulin. Kare ya yi ta amai, ya ƙi abinci, ya gantsare yana ɗaga ƙugu sama saboda ciwon ciki. Ciwo ne mai azaba, kuma karen da ya riga ya yi ƙiba ya fi saurin kamuwa.

To me ya rage? Da yawa. Kabewa, karas, dankali mai zaƙi, koren wake, tuffa da aka cire wa 'ya'ya da tsakiya, ayaba kaɗan, kankana ba 'ya'ya, ƙwai dafaffe, tsokar kaza ko ta sa mara kitse, kifi dafaffe da aka zare wa ƙaya, ots, shinkafa, alkama. Game da hatsi, kada ki bari a tsorata ki da cewa kare kerkeci ne, ba ya narkar da sitaci. A 2013 masu bincike a Jami'ar Uppsala ta Suwidin sun nuna cewa karnuka suna da kwafi da yawa na ƙwayar halittar da ke samar da sinadarin narkar da sitaci, alhali kerkeci biyu kawai gare shi. Zama da mutum na dubban shekaru ya sauya cikin kare. Kuma in ana maganar abincin da jikin kare ke ƙi, wani nazari na 2016 da ya tattara rahotannin likitoci ya nuna naman sa ne a gaba, sai madara da danginta, sai kaza, sannan alkama. Ke nan in karenki ba ya ƙaiƙayi ko gudawa da alkama, ba ki da dalilin gudunta.

Ga haɗin da nake ba mutane su fara da shi, domin kayansa huɗu ne, in wani abu ya ɓata wa kare ciki ana saurin gane wanne ne. Ki niƙa ots giram 200 ya zama gari. Ki dafa kabewa da ruwa zalla, ki tsane ta sosai, ki dame giram 150. Ki fasa ƙwai ɗaya, ki sa babban cokali biyu na markaɗaɗɗiyar gyaɗa zalla. Ki kwaɓa har ya haɗe ya daina manne wa hannu. In ya yi ruwa ki ƙara gari, in ya yi tauri ki yayyafa ruwa. Ba gishiri, ba sukari, ba zuma, ba kayan ƙamshi. Ki murza shi ya yi kaurin rabin santimita, ki yanka da wuƙa ƙanana-ƙanana kamar girman farcen babban yatsa. Ki gasa a obin a kan digiri 160 na ma'aunin Salsiyas na minti 25 zuwa 30, sannan ki rage wuta zuwa 100 ki bar su kamar rabin awa su ƙarasa bushewa, su huce a ciki da ƙofa a ɗan buɗe.

Wannan kwaɓi gaba ɗayansa kalori wajen 1,050 ne. In kin yanka shi gida 100, kowane ɗaya ya kama 10 da ɗan ɗori, karenki ya samu huɗu a rana. In kuwa kika fitar da shi da abin yankan nan mai siffar ƙashi ya zama guda 20 manya masu kyan gani, kowane ɗaya ya haura 50, guda ɗaya ya cinye rabon yinin. Kwaɓi ɗaya, wuƙa ce kawai ta bambanta su. Ni a ganina wannan ne wurin da aka fi yin kuskure, domin ido yana son abu ya fito da siffa. Kare kuwa ba ya auna girma. Ki lura da shi in kin miƙa masa: ya haɗiye, ya ɗago kai yana jiran na gaba. Abin da ke faranta masa rai shi ne sau nawa hannunki ya miƙo, da ƙamshin abin. Yana da ƙwayoyin ɗanɗano wajen 1,700 a harshe, mutum kuwa wajen 9,000, amma a hanci ya yi mana fintinkau. Shi ya sa abin da kika ɗanɗana kika ji lami, shi a wurinsa ya yi daidai. In ma kina koya masa wani abu, kamar zama ko zuwa in an kira, ki ƙara gutsura su su koma kamar ƙwayar wake.

Wata kalma a kan gyaɗa da masara. In sun sha danshi a ajiya, wani naman gwari yana tsiro a jikinsu ya bar dafin aflatoksin, wanda ke cin hanta, kuma kare yana cikin dabbobin da ba su jure shi. Gashi ba ya kashe shi. A farkon 2021 FDA ta ba da rahoton mutuwar dabbobin gida sama da 110 bayan sun ci wani abincin kanti da aka samu wannan dafi a cikinsa. Gyaɗar da ta canja kala, ta yamushe, ko take warin ruma, wadda ke ba za ki ci ba, kada ki ce bari a ba kare.

In kina son na nama, ki samu tsokar ƙirjin kaza, ki cire fata da kitse, ki sa a firiza na ɗan lokaci ta ɗan daskare don ta yanku, ki yanka siri-siri. A nan mutane ke tsallake mataki: busarwa da ƙaramar wuta kaɗai ba ta tabbatar da mutuwar ƙwayar cutar salmonela. Sai tsakiyar naman kaza ya kai digiri 74, na sa kuma 71. Don haka ki fara gasa shi ya nuna, sannan ki sauke wuta zuwa 70 ko 80 ki bar shi awa biyu zuwa uku har ya bushe, in kin lanƙwasa ya tsage ba tare da danshi a ciki ba. Wannan kariya ce ga kare da kuma mutanen gida, musamman yara da ke miƙa masa da hannu sannan su kai hannun baki. Ki tuna kuma nama in ya bushe ruwa ne ya fita, kalorin yana nan. Ɗan siririn yanka da kike gani asalinsa ya ninka haka sau uku.

Hanta ita ce sarauniya wajen horo, kare zai bar komai ya zo gare ta. Ki tafasa, ki yanka kamar ƙwayar masara, ki busar a obin. Amma tana cike da bitamin A da sinadarin kofa, wato jan ƙarfe, waɗanda ke taruwa a jiki, don haka 'yan ƙwayoyi kaɗan, kuma ba kullum ba.

Ga karen da ake son ya rage jiki kuwa, kayan lambu ne abokan tafiya. Karas giram 100 kalori 41 ne kacal, kabewa ba ta ma kai haka ba. Ki yanka karas tsaye siri-siri maimakon zagaye, don kada ya haɗiye ya maƙale. Lokacin zafi ki dama kabewa da ɗan yogot zalla mara zaƙi, ki zuba a farantin ƙanƙara ki daskarar. In kin ga yogot na sa shi gudawa, ki bar shi ki yi da ruwa, manyan karnuka da yawa ba sa narkar da sukarin madara sosai. Duk abin da kika busar ko kika daskarar, ki danna shi da farce. In bai lotsa ko kaɗan ba kuma ba ya karyewa a hannu, ya yi wa haƙori tauri. Babban turmin sama na gefe shi ne wanda muka fi gani a fashe.

Sabon abu kuma a shigo da shi ɗaya bayan ɗaya, a ba shi kwana biyu ko uku ana duba kashinsa da fatarsa da kunnuwansa. In kare yana da ciwon ƙoda, ciwon sukari, tsakuwar mafitsara, ko an taɓa kama shi da kumburin fankiriyas, ko likita ya ɗora shi a kan abinci na musamman don gano abin da jikinsa ke ƙi, to kada a haɗa masa komai sai an nuna wa likitansa jerin kayan.

Na gida ba shi da maganin hana lalacewa, danshi ne ke yanke masa kwana. Mai laushi da duk mai nama a ciki, firji, kwana uku zuwa biyar. Biskit ɗin da ya bushe ƙayau yana iya yin mako guda a kwalba mai murfi, matuƙar ya huce sarai kafin a rufe. Sauran ki ƙulla kashi-kashi ki sa a firiza, zai kai wata biyu zuwa uku. In kin ga ɗigon ruma a jikin guda ɗaya, ki zubar da kwalbar duka a inda ba zai tono ba, domin wasu nau'o'in ruma suna sa kare karkarwa da farfaɗiya.

Game da ƙibar tasa, ki ɗora tafin hannunki a gefen ƙirjinsa ki shafa. Ya kamata ki ji haƙarƙarinsa ba tare da kin danna ba, kamar yadda kike jin ƙasusuwan bayan hannunki, kuma in kin tsaya a kansa kin duba ƙasa ki ga ƙugunsa ya ɗan shige. Ki auna shi duk mako biyu a kan sikeli ɗaya. Raguwar giram 100 zuwa 200 a mako ta ishe shi, kada a yi gaggawa. Kowace safiya ki ƙirga rabonsa na ranar, biskit huɗu ko biyu da 'yan yankan karas, ki zuba a ƙaramar kwalba ki ajiye inda kowa ke gani. Ki gaya wa mutanen gida duk mai son ba shi abu daga nan zai ɗauka, in kwalbar ta ƙare sai gobe.